Maƙerar Kawu Mamman a Gardole

Jiya ina jin ku lokacin da kuka ɗauki munduwar nan ta jan ƙarfe kuna jujjuyawa. Ɗayanku ya ce ai waya ce kawai aka murɗa, in aka ba shi awartaki kafin la'asar zai yi tuli guda. Ban tanka ba don ina kan wuta. Yau mai gawayi bai iso ba, to ku masu koyon sana'a ku matso ku zauna, in gaya muku yadda waya take zama munduwa, da yadda aka yi kayan wannan rumfa suka fara ƙetare teku.

Kakana na wajen uwa daga ƙasar Kano ya taso da ƙafa zai je Makka. Ya yada zango a garin nan na Injamena tun ana ce masa Fallomi, guzuri ya ƙare, sai ya kafa uwar maƙera a unguwar Gardole don ya sami abin ci gaba da tafiya. Bai ci gaba ba. Maƙerar ta koma hannun ɗansa, Kawu Mamman, kuma wurinsa aka kawo ni a farkon shekarun tamanin, bayan na bar lekol, wato makarantar boko. Mu maƙeran fari ne. Ba ma yin fartanya ko gatari, namu shi ne azurfa da tagulla: zobe, 'yan kunne, awarwaro, sarƙa.

Aikin farko da Kawu ya sa ni shi ne jan waya. Za a narkar da azurfa a zuba a wani ɗan kwari da aka sassaƙa a jikin ƙarfe, ta fito kamar yatsa. Sai ka yi ta bugu da guduma kana juyawa har ta yi tsawo. Daga nan akwai wani faifan ƙarfe mai huji-huji, daga babba zuwa ƙarami. Ka fiƙe bakin sandar, ka shafa mata kakin zuma, ka zura, ka taka faifan da ƙafa biyu, ka kama da awartaki ka ja da bayanka. Ni da nake ganin ina da ƙarfi, sai na riƙa tsallakawa daga huji zuwa huji ba hutawa, ita kuma wayar tana tsinkewa a hannuna. Kawu ba ya duka, ba ya kuma yabo. Ya bar ni na yi ta fama, sannan ya ce ba tare da ya ɗago kai ba:

"Isiyaku, ƙarfen ya gaji. Mai da shi wuta."

Wato duk lokacin da ka bugi azurfa ko ka ja ta, tana ƙara tauri, sai an gasa ta ta saki jiki. Gashin ma da iyakarsa. A inuwa ake yi don ido ya ga launin. In ta yi ja kamar cikin kankana, ɗauke. In ka bari ta fara sheƙi, ta narke, ka koma farko. Babu agogon da zai gaya maka wannan, ido ne.

Kayan aikinmu a lokacin ba su fi a ɗauka a buhu ɗaya ba, ban da uwar maƙera. Zugazugin fatar akuya, guduma babba da ƙarama, awartaki, magagari, 'yar tukunyar yumɓu ta narkarwa wadda mu muke gina ta da kanmu, da ma'auni. Gawayin ƙirya in an samu, in babu na gabaruwa. In an gama aiki, a tafasa shi cikin ruwan tsamiya da gishiri ya yi fari, sannan a goge. Kawu yakan shimfiɗa fata a cinyarsa in zai yi gogen magagari, don garin azurfar da ke zuba kada ya bi ƙasa. Wannan garin ba namu ba ne, na mai kaya ne, cikin tukunya yake komawa.

Na tuna wata Balarabiya makiyayiya da ta zo daga arewa da rani, ta kwance bakin lafayarta ta zube tsofaffin riyaloli na azurfa, masu hoton kan wata mace, gadon uwarta. Tana so a yi wa 'yarta mundayen ƙafa. Ba ta yarda ta bar kayan ta tafi ba. Ta shimfiɗa tabarma a bakin rumfa, ta hura wutar shayinta, ta kafa wa tukunyar narkarwa ido. Da Kawu ya ce ta je kasuwa ta dawo, sai ta kira shi Usta, wato gwanin sana'a, ta ce da Larabci:

"Usta, azurfar uwata nake so ta hau ƙafar 'yata, ba wata mai kama da ita ba."

Kawu ya ce ta yi gaskiya, ya sa na matsar da zugazugin yadda za ta fi gani. Da aka gama ya ɗora mundayen a ma'auni a gabanta. Bayan wannan, duk rani sai matan zuriyarsu sun zo, kuma sannu a hankali suka daina zaman gadi. Matan gari kuwa nasu daban ne. Iyayen amare na unguwar Ambassatna suna son 'yan kunne na siririyar waya, mai saƙa kamar raga. Matan manyan ma'aikata su zo da hoto daga mujalla su ce irin wannan, sai an kusa gamawa su ce ba haka suke nufi ba. Duk za ku haɗu da su. Wanda bai iya haƙuri da mai kaya ba, ko ya iya wuta bai iya sana'a ba.

Sai shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Mun kwana muna maƙera, muka tashi azurfa ta fi ƙarfin kowa. Wanda yake da ita a gida ba ƙira yake so ba, sayarwa yake so ya sayi hatsi. Ba a daɗe ba kasuwa ta cika da kayan inji na waje, masu ruwan zinariya, marasa nauyi, masu araha. Suna koɗewa bayan damina ɗaya, amma uban amarya da ke neman fita kunya ba ya duba damina mai zuwa. Layinmu da ake jin ƙarar guduma tun daga bakin titi ya yi tsit. Wani ya koma gyaran lagireto, wani ya karɓi babur yana kilando, wato acaɓa, wani ya ƙetare kogi zuwa garin Kuseri bai dawo ba. Na ga Kawu, mutumin da ke saƙa wayar azurfa mai kaurin gashi, yana liƙe gindin butar shayi.

Mu abin da ya riƙe mu shi ne zubi. Nakan zaga wurin masu tsofaffin ƙarafa in sayo matattun kan famfo da kwaɗo da makullai. Mu yi siffar munduwa da kakin zuma, mu lulluɓe da yumɓu haɗe da kashin jaki, ya bushe, mu gasa kakin ya tsiyaye, mu zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ya huce a fasa. Nakan ɗauka in tsaya kusa da otal-otal ina jiran baƙi. Wata rana a sayar, wata rana a dawo da su. Haka muka yi shekaru, tukunya ba ta cika ba, ba ta kuma kife ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wata mace ta shigo rumfar nan, sanye da lafaya, da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaida Kawu, ta cire ɗan kunnenta ta miƙa masa. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan aikina ne. Ke 'yar wa ce?" Sunanta Halime. Uwarta tsohuwar mai kayanmu ce a Ambassatna. Ta yi karatu a Faransa, tana aiki da wani kanti a can da ba ya sayar da komai sai kayan hannu na masu sana'a irinmu, kuma kowane abu da sunan wanda ya yi shi. Ta ce tana so a gwada namu.

Sharuɗɗanta sun ba mu mamaki. Ba za ta yi ciniki tana ragewa ba, mu za mu faɗi abin da aikin ya ci mu. Za ta ba da kuɗin ƙarfe tun kafin a fara. Yaron da ya kamata yana makaranta ba zai zauna gaban zugazugi ba. Sannan akwai wasu mata a unguwar Butalbagar, yawancinsu mazansu sun rasu, da ta haɗa su suna shirya duwatsun wuya da ɗinka 'yan jakunkunan fata. Mu za mu yi ƙarfe, su su haɗa. Shugabarsu wata ce Zenaba, doguwa, ba ta da yawan magana, tana da yara uku. Ita take zuwa karɓar kaya.

Mun yi wannan aiki da dukan ƙarfinmu. Mundaye na zubi, ƙananan ƙararrawa, maɗaurin sarƙa. Matan suka zuba musu duwatsu ja da shuɗi. Ranar da aka rufe kwalin da za a aika Faransa, matan sun yi guɗa a tsakar gidan Zenaba har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Bayan wani lokaci sai ga Halime da kwalin nan, an yanke igiyarsa an sake ɗaurewa. Ta ajiye a tsakiyar rumfa. Ta ce an auna ƙarfen a can, an sami dalma a ciki, doka ta hana a sayar da abin da za a sa a jiki in yana da ita. Tagullar kan famfo da kwaɗo duk da dalma ake haɗa ta, sinadarin da muke liƙi da shi ma haka.

Na ce mata, "Madam, mutanen garin nan sun shekara nawa suna sa irin wannan, wa ya mutu? In ba sa so su faɗa, ba sai sun ƙaga mana ciwo ba."

Ta ce, "Usta Isiyaku, mai sawa a hannu abin da yake samu kaɗan ne. Wa yake tsaye kan tukunyar yana shaƙar hayaƙin? 'Ya'yan wa suke wasa da tokar nan? Ni da a ce ba su dawo da shi ba, na san wannan, da kaina zan hana."

Na juya na dubi 'yata ƙarama, wadda a lokacin tana bakin ƙofa tana tuwon ƙasa da toka. Zenaba na tsaye, kuma na san abin da ke gabanta. Mata ne suka bar tallan gyaɗa da wankau saboda wannan aiki, ita za ta koma ta yi musu bayani.

Halime ta ce kantin ya yarda a sake gwadawa sau ɗaya, in ƙarfen tsarkakakke ne. Azurfa zalla ta yi tsada. Abin da ya rage shi ne jan ƙarfe, irin na cikin ƙonannen injin fanka da firji, wanda ba shi da gami. Na ce to jan ƙarfe zalla ba ya zubuwa da kyau a irin wutarmu, yana fitowa da ramuka kamar burodi. Kawu, da ke kishingiɗe yana jin mu, a lokacin ciwon baya ya fara kama shi, ya tashi zaune.

"Wa ya ce a zuba? Ƙira za a yi. A buga, a ja, a murɗa, a saƙa. Abin da na koya maka ke nan kafin yunwa ta mai da mu masu tuyar ƙarfe."

Haka muka koma faifan jan waya. Na ƙulla da masu naɗin inji da na sani a kasuwa, su riƙa tara mini ƙonanniyar waya. Halime ta gargaɗe ni kada in sayi wayar da ban san asalinta ba, don a lokacin akwai masu yanke wayar kuran, wato ta lantarki, su kawo. Sun zo kuwa, da araha, na sallame su. Sinadarin liƙi muka koma haɗa shi da kanmu, azurfa da ɗan jan ƙarfe, ba dalma. Kawu ya fito da saƙe-saƙen da ya daɗe bai yi ba: murɗin igiya, kitson kifi, da wata sarƙa da ake haɗa ƙawanya cikin ƙawanya har ta yi laushi kamar zare. Muka riƙa sa ɗan ɗigon azurfa a kan jan ƙarfen, abin ya yi kyau fiye da na farko nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce hannu. Zubi mutum ɗaya yana yin da yawa, saƙa kuwa sarƙa ɗaya tana cin yini. Mu biyu ne, ɗaya tsoho. Wata safiya Zenaba ta zo karɓar kaya ta tarar ba su kammala ba. Ta zauna tana kallon ina naɗa waya a jikin ƙusa ina yanka ƙawanya. Can ta ce:

"Usta, ba ni awartakin nan."

Na dubi Kawu. Ya ce, "Ba ta mana." Hannun da ya saba zura zare a hujin ƙaramin dutse bai sha wahalar rufe ƙawanya ba. Bakin ƙawanyarta yana haɗuwa, ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba. Washegari ta zo da mata biyu. Muka ƙara rumfa da zana, su suna saƙa, ni ina wuta. Ba a jima ba Zenaba ta gaji da jirana in gasa mata waya, ta ce in nuna mata. Na nuna mata launin. Daga gashi ta koma liƙi, wanda shi ne mafi wuya a aikin nan, don zafin da zai narkar da sinadari kaɗan ya rage ya narkar da aikin gaba ɗaya. Ta ƙona da yawa. Kowa yana ƙonawa.

Ku da kuka tashi a garin nan kun san cewa a wasu dangogin ƙira ba abin alfahari ba ce. Mu Hausawa a wurinmu sana'ar gado ce kamar kowace, amma akwai waɗanda ba sa aurar wa maƙeri, ba sa ma son a ce sun haɗa kwano da shi. Dangin Zenaba suna cikinsu. Wata rana da hantsi wani mutum mai rawani ya tsaya a bakin rumfa, bai yi sallama ba, bai shigo ba. Yayanta ne, Abakar. Ya same ta tana danna zugazugi.

"Tashi mu tafi," in ji shi. "Duwatsu na ƙyale ki. Wuta kuma? Kina da 'ya'ya mata. Wa zai aure su in aka ce uwarsu maƙeriya ce?"

Na yunƙura zan yi magana, Kawu ya riƙe mini gwiwa. Zenaba ba ta saki zugazugin ba sai da wayar ta yi ja, ta ɗauke ta da awartaki ta tsoma a ruwa. Sannan ta gyara lafayarta ta ce:

"Yaya, lokacin da nake wanke kayan mutane a bakin kogin Shari hannuna yana tsagewa, ba wanda ya zo ya ce in tashi. Yanzu yarana duka suna lekol. Wanda zai ƙi 'yata don uwarta ta iya aiki, ya taimake ni da ya ƙi ta tun da wuri. Ka shigo ka sha shayi, ko ka gaida gida."

Bai shigo ba. Ya daɗe ba ya taka gidanta, har salla ba ya aikawa. Ita kuma ba ta fasa zuwa ba.

Kwali na biyu ya tafi, bai dawo ba. Abin da ya dawo shi ne Halime, tana dariya tun daga bakin titi, ta ce suna son ƙari, kuma wata mai saye ta tambaya ko wace ce Zenaba da sunanta ke jikin sarƙar. Daga nan aiki ya zauna. Ba mu yi arziki ba, kada ku ɗauka. Akwai lokacin da jirgi ya yi jinkiri, akwai lokacin da aka ce launin bana ba ja ba ne. Amma biyu daga cikin maƙeran da suka bar layi sun dawo, muka yi wa rumfa rufin kwano da taga don hayaƙi ya fita, kuma matan gari da suka ga Turawa na sa jan ƙarfen Gardole sai su ma suka fara tambaya. Kawu ya ga wannan duka kafin Allah ya karɓi abinsa. Shekarar da aka yi faɗa a cikin gari muka gudu Kuseri, muka dawo muka tarar an kwashe kayan da ke rumfa, amma uwar maƙera ta fi ƙarfin ɓarawo. Muka share, muka hura wuta. A shekarar ne ma Zenaba ta buɗe tata rumfar a Butalbagar, na ba ta tsohon faifan jan waya.

Bayan nan da kaɗan, ina zaune a nan inda nake, sai ga Abakar. Wannan karon ya yi sallama. Ya tsufa. Ya zauna a kan benci, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da ƙulli. Tsohuwar azurfar uwarsu ce. Zai aurar da 'yarsa, yana so a yi mata 'yan kunne na siririyar saƙa da sarƙa, irin na da. Ya ce an gaya masa babu mai yi sai rumfar nan.

Na ce masa, "Malam Abakar, narkarwa zan iya, jan waya zan iya. Amma wannan saƙar idona ya daina ganinta. Mutum ɗaya na sani a Injamena da zai yi maka ita yadda kake so, kuma ka fi ni sanin gidan."

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Sannan ya ce, "Za ka raka ni?"

Muka hau kilando biyu. Mun same ta a gaban wuta, 'yarta babba, wadda ke karatun jinya a lokacin, tana gefe tana goge sarƙa. Zenaba ta ɗago ta gan shi tsaye a ƙofa. Ya cire takalmansa ya shigo, ya durƙusa ya ajiye ƙullin a kan tabarma. Ta kwance, ta ɗauki awarwaro ɗaya ta juya shi, ta gane na uwarsu ne. Ba ta yi maganar abin da ya wuce ba, shi ma bai yi ba. Ta ce wa 'yarta ta ɗora shayi, sannan ta dube shi.

"Yaya, gobe ka turo mini amaryar in ga kunnenta da wuyanta. Ba a yin wannan aikin da ka."

Ya ce, "To, Usta."